Littafin Awo

A shafi na arba'in da bakwai sunanka yake,
da birona mai yoyo na rubuta shi:
Rabilu na Gwammaja, kafaɗa sha takwas,
hannu ashirin da biyar, wuya sha shida.
Tsawo kuwa ka ce in ƙara inci biyu,
wai soja ba ya gama tsawo sai ya yi ritaya.
Muka yi ta dariya, har Sagiru mai guga
ya ƙone ƙafar wandon wani alhaji.

Shaddar tana nan, ruwan toka, yadi biyar.
Ka ce, "Kafin Babbar Salla ina gida,
kada ka yi mini halinku na teloli."
Ga shi ni da Fagge ta sani da gobe-jibi
na yanka tun watan jiya, saura aikin wuya,
kai kuma da ba ka taɓa saɓa magana ba
ka bar ni riƙe da almakashi.

Na san ka tun kana rarrafe ƙarƙashin kekena
kana tsintar ƙyallaye, ka ɗaure ƙwallon tsumma.
Ranar da ka fara zuwa da kaki
wandon ya yi maka yawa,
ni na rage shi, ban karɓi ko sisi ba.

Muryarka ta ƙarshe tana cikin wayata.
Ka ce ruwan can ba ya ɗaukewa,
abincinsu ba yaji, ba daddawa,
ka ce da za a aiko maka gurasar Jakara
da ƙuli da albasa, ko ta bushe ka ci.
Bayan muryarka ina jin iska, da wani tari,
da wani yare da ban san kansa ba.

Ran Laraba, ana fitowa daga La'asar,
koriyar mota ta tsaya a bakin lungu.
Mutum biyu, huluna a hannu.
Inna Talle tana tankaɗe a tsakar gida,
ba ta bari sun gama sallama ba,
ta kife rariyar a hankali
ta ce, "Wanne ne cikinku ya ga fuskarsa?"

Suka ce a bakin wata gada ne, bayan teku,
a garin da harshena ya kasa juya sunansa.
Mata da yara suna gudun wuta,
ba danginka ba, ba su san Dala ba,
ba su san kana tsoron allura ba.
Ka tsaya har na ƙarshensu ya haye.
Shekara ashirin da uku.
Akwai rigunan da suka girme ka a shagon nan,
masu su ba su zo karɓa ba.

Da dare jirgi ya sauke ka,
akwati lulluɓe da tuta.
Allah ya yafe mini, idon tela ne:
ana kuka, ni ina kallon kalmasar tutar,
ɗinkin bai miƙe ba.
Na ce a raina, wanda ya tsaya kyam haka
ya cancanci layi madaidaici.

Ni na ɗinka likkafanin.
Ba wuya, ba maɓalli, ba aljihu.
Ban buɗe littafin ba, awon yana kaina,
na kuma ƙara maka inci biyun.

A Dandolo suka harba bindiga sama,
tantabaru suka watse ta wajen Gwauron Dutse,
mu kuma muka zuba ƙasa da hannu.
Allah ya jiƙan ka, ɗan Inna Talle,
ya sa ka haye taka gadar kamar walƙiya,
ya shayar da kai inda ba ƙishirwa.

Jiya na gama aikin wuyan, zare fari.
Ƙaninka Hafizu ya gwada, hannun ya rufe yatsunsa.
Inna ta ce in rage.
Na ce a'a, a bar shi,
zai kai.